Tunawa da Farfesa Ishaya Audu: Likitan Sardauna, Shugaban Jami'a, Ministan Harkokin Waje

A ranar 29 ga watan Agusta na shekarar 2005 ne labari ya iso Nijeriya daga ƙasar Amurka cewa Allah ya yi wa Farfesa Ishaya Shu'aibu Audu rasuwa yana da shekara 78 a duniya. Dattawan da suka ga zamanin Sardauna da na Janar Gowon da na Alhaji Shehu Shagari ba su bukatar a gaya musu ko wane ne shi. Amma fa yara sun taso, har waɗansu sun shiga Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya sun fito da digiri, ba su taɓa jin sunan mutumin da ya riƙe wannan jami'a shekara tara cur a lokacin da ƙasa ke neman wargajewa ba. Saboda haka ne muka ga ya kamata mu kawo wa masu karatu tarihin wannan bawan Allah, tun daga ƙauyen da aka haife shi har zuwa zauren Majalisar Ɗinkin Duniya.

Asalinsa da haihuwarsa

An haifi Ishaya Audu ranar 1 ga watan Maris na 1927 a garin Anchau, cikin ƙasar Zazzau, watau a Jihar Kaduna ta yanzu. Bahaushe ne gaba da baya, Kirista kuma ɗan Kirista, gama mahaifinsa Malam Bulus Audu ya karɓi addinin Kirista tun kafin a haife shi.

Gidansu na da alaƙa da mutanen nan da ake kira Isawa. Su Isawa almajiran wani malami ne mai suna Malam Ibrahim, wanda ya zauna Kano a ƙarni na 19, ya riƙa ba Annabi Isa wani matsayi na musamman a cikin karatunsa. Hukumar Kano ta zamanin Sarki Abdullahi ta ga abin ya saɓa, aka yanke masa hukuncin kisa, almajiransa suka watse, da yawansu suka nufi wajen duwatsun Ningi da gabashin ƙasar Zazzau. A wajen 1913 waɗansu daga zuriyarsu suka sadu da Likita Mila, Baturen mishan na ƙungiyar C.M.S. da ke zaune a birnin Zariya. Aka kafa musu mazauni a Gimi. Ba su daɗe a can ba ciwon barci ya far musu, ya kashe mutane da yawa, sauran suka tashi. Daga bisani, a wajen 1929, mishan ɗin kansa ya fita daga cikin ganuwar Zariya ya koma Wusasa, aka gina coci da makaranta da asibiti a gindin dutse.

Ita kanta Anchau ta sha fama da wannan cuta. Ƙudan tsando ya yi yawa a bakin rafuffukan yankin, ga rijiyoyi marasa tsabta, ga cunkoson gidaje. A ƙarshen shekarun 1930 Gwamnatin Turawa ta ɗauki wani babban shiri na sare dazuzzukan bakin rafi, da haƙa sababbin rijiyoyi, da tayar da mutane zuwa sabon mazauni. Sabon garin da aka gina kusa da Anchau aka sa masa suna Takalafiya. To, a irin wannan wuri, inda mutuwar yara ta zama ruwan dare, aka haifi yaron da zai zama ƙwararren likitan yara.

Neman ilmi

Ishaya ya yi karatunsa na farko a makarantar St. Bartholomew ta Wusasa. Wannan ƙaramar makaranta ta fitar da mutane fiye da girmanta. Daga wannan jama'a ta mishan ɗin Zariya ne Dokta Barau Dikko ya fito, likita na farko ɗan Arewa. A makarantar kuma Yakubu Gowon ya fara karatu, wanda ya zama Shugaban Ƙasa a 1966.

A wancan zamani babu wurin koyon aikin likita ko ɗaya a duk faɗin Arewa. Duk yaron da ke son wannan fanni tilas ya niƙa gari zuwa Kudu. Haka Ishaya ya tafi Ikko ya shiga Babbar Kwalejin Yaba. A 1948 aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Badun a ƙarƙashin Jami'ar Landan, aka kwashe ɗaliban Yaba aka kai su can, shi ma yana cikinsu. Da yake a lokacin ba a gina babban asibitin koyarwa na Badun ba, sai a 1957 aka buɗe shi, ɗaliban likita kan yi rabin karatunsu ne a gida, sa'an nan a tura su asibitocin Landan su ƙarasa. Ishaya ya tashi zuwa Ingila a 1951, ya gama a 1954, ya zama cikakken likita yana da shekara 27. Bayan haka ya ƙaro ilmi a Jami'ar Libaful, garin da ya shahara wajen binciken cututtukan ƙasashe masu zafi. Ya yi aure a 1958.

Jama'a su tuna cewa a shekarun nan likitoci 'yan Arewa ana iya ƙidaya su da yatsun hannu. Mutum zai yi tafiyar kwana da kwanaki bai ga likita ba, in ma ya gan shi Bature ne, sai an nemo tafinta. Likitan da zai tambayi uwa da Hausa yaushe zazzaɓin ɗanta ya fara, ya kuma gane abin da take nufi in ta ce tamowa ce ko shawara, babban abu ne ƙwarai.

Likitan Firimiya

Da ya dawo gida ya yi aikin asibiti, ya ƙware a kan cututtukan yara, ya yi wa Gwamnatin Jihar Arewa aiki. A nan ne Firimiya, Sir Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, ya ɗauke shi ya zama likitansa na kansa.

Wannan magana tana bukatar a tsaya a kanta. Sardauna daga zuriyar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo yake, mutum ne da duniya ta sani da kishin Musulunci, yana cikin shugabannin ƙungiyar Musulmi ta duniya da aka kafa a Makka a 1962. Ishaya kuwa ɗan mutumin da ya bar Musulunci ne. Duk da haka Firimiya ya miƙa masa jikinsa, ya amince masa da sirrin lafiyarsa, abin da shugaba ba ya sake wa kowa sai wanda ya yarda da shi ƙwarai da gaske. Abin da Sardauna ya duba shi ne, ga ɗan Arewa da ya iya aikinsa, mai riƙon amana. Shi kuma Ishaya bai ɓoye addininsa don ya sami shiga ba. Kowa ya tsaya a kan nasa, aiki kuma ya tafi daidai.

A 1962 aka buɗe Jami'ar Ikko tare da makarantarta ta koyon aikin likita da asibitin koyarwa a Idi-Araba. Dokta Audu ya koma can ya zama malami. A nan ya yi aiki tare da matasan likitoci irin su Dokta Olikoye Ransome-Kuti, wanda daga baya ya zama Ministan Lafiya. A cikin waɗannan shekaru ne kuma ya tafi Amurka ya yi aikin bincike a Jami'ar Rochester da ke Jihar Niyok. Watau kafin ya cika shekara 40 ya riga ya yi karatu ko koyarwa a Zariya, da Ikko, da Badun, da Landan, da Libaful, da Amurka. Da ya so, da ya yi zamansa a ɗaya daga cikin waɗannan wurare cikin rufin asiri.

Jami'a cikin guguwa

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga watan Oktoba na 1962, bayan rahoton kwamitin Ashby na 1960 wanda ya ba da shawarar a kafa jami'a a Arewa. An harhaɗa ta ne daga makarantun da ke akwai: reshen Zariya na Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, da Makarantar Koyon Mulki ta Kongo, da cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, da kwalejin Kano wadda aka sani da sunan Abdullahi Bayero. Ɗalibanta na farko 426 ne kawai, mafi yawansu kuma ba 'yan Arewa ba ne. Malamai kusan duk Turawa ne. Sardauna shi ne Uban Jami'a, mai gudanar da ita kuwa shi ne Sir Norman Alexander, masanin kimiyya ɗan ƙasar Niyu Zilan.

Sai ga shekarar 1966. Ranar 15 ga Janairu sojoji suka kashe Sardauna a gidansa a Kaduna, aka kashe Firayim Minista Sir Abubakar Tafawa Ɓalewa. A watan Mayu Janar Ironsi ya kafa doka mai lamba 34 wadda ta soke tsarin jihohi, ɗalibai a Zariya suka fito zanga-zanga, tarzoma ta bazu cikin garuruwan Arewa, aka yi hasarar rayuka. A watan Yuli aka sake juyin mulki. A Satumba da Oktoba aka yi kashe-kashe mafi muni, mutanen Gabas suka kwashe nasu ya nasu suka koma gida, cikinsu har da ɗalibai da ma'aikatan jami'a, da masu aikin ɗakunan gwaji, da akawuna, da makanikai.

A cikin wannan shekara ce Dokta Ishaya Audu ya hau kujerar Shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, ɗan ƙasa na farko da ya riƙe ta, yana da shekara 39. Uban gidan da zai jingina da shi yana kabari. Gwamnatin da ta kafa jami'ar ita ma kwananta ya ƙare, gama a watan Mayu na 1967 Janar Gowon ya raba ƙasa jihohi 12, Arewa ta zama jihohi shida. Tambaya ta taso: wa zai biya malamai, wa kuma ke da jami'a? Aka kafa hukumar wucin gadi mai kula da kadarorin haɗin gwiwa na jihohin shida, jami'a ta shiga ƙarƙashinta. Maimakon gwamnati ɗaya, sai Shugaban Jami'a ya koma neman kuɗi wajen gwamnoni shida, kowanne da bukatun jiharsa, ga kuma yaƙin basasa da ya ɓarke a watan Yuli na 1967 yana cin dukiyar ƙasa har zuwa Janairun 1970.

Jami'ar da ba ta wuce shekara huɗu ba tana iya durƙushewa a irin wannan hali, ko kuwa jihohi su yayyage ta kowa ya ɗauki guntunsa. Ba ta durƙushe ba, ba a kuma yayyage ta ba. A hannun Audu ma ta yi girman da ba ta taɓa yi ba.

Ayyukan da ya bari

Babbar matsalar da ya tarar ita ce ƙarancin ɗalibai 'yan Arewa. Sharaɗin shiga jami'a a lokacin shi ne babbar takardar sakandare, wadda ake yi shekara biyu bayan aji biyar, makarantun da ke da waɗannan azuzuwa kuwa kaɗan ne a Arewa. Hanya biyu ce a gaba: ko a sassauta sharaɗi digiri ya zube daraja, ko a bar ƙofa a rufe. Jami'a a ƙarƙashinsa ta ɓullo da ta uku, watau Makarantar Share Fage. Ana ɗauko yaro daga aji biyar, malaman jami'a su horar da shi a cikin harabar jami'a, in ya ci jarrabawa ya wuce kai tsaye. Ta wannan ƙofa dubban 'ya'yan talakawa daga Borno da Sakkwato da Binuwai da Filato da Kwara suka sami digiri. Daga baya jihohi suka kwaikwayi tsarin suka buɗe nasu kwalejojin share fage.

Na biyu shi ne fannin da ya fi sani. A 1967 aka kafa sashen koyon aikin likita. Da yake babu kuɗin gina sabon asibiti a lokacin yaƙi, sai aka karɓi asibitocin gwamnati da ke Zariya da Kaduna da Malumfashi aka mai da su wuraren koyarwa. Wannan dabara ta sa ɗalibin likita ya riƙa ganin cututtukan da ke damun mutanen karkara da idonsa: ƙyanda, da sanƙarau, da tarin fuka, da saran maciji, da wahalar haihuwa. Ya jawo ƙwararru daga gida da waje, irin su Dokta Umaru Shehu ɗan Borno da Farfesa Eldryd Parry ɗan Birtaniya. Arewar da ta tura shi Ikko da Landan neman ilmin likita ta fara yaye likitocinta a gida.

Sauran fannoni ma ba a bar su a baya ba. Sashen aikin gona da na likitan dabbobi sun bunƙasa tare da taimakon Jami'ar Jihar Kansas ta Amurka. Cibiyar ilmi ta ɗauki nauyin manyan kwalejojin horon malamai na Zariya da Kano. A 1970 aka mai da gidan Sardauna na Kaduna cibiyar binciken tarihi, watau Gidan Arewa, a ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith. Nazarin Hausa da sauran harsunan ƙasa ya sami gindin zama a Kano da Zariya. Kwalejin Abdullahi Bayero ta yi ƙarfin da har ta tsaya da ƙafafunta ta zama Jami'ar Bayero a 1977.

Wani abin lura shi ne bai yarda jami'a ta zama ta ɓangare ɗaya ba. Bayan rasuwar Sardauna, wanda ya zama Uban Jami'a shi ne Oba Akenzua na Biyu, Sarkin Bini. Malamai sun zo daga Ingila, da Indiya, da Pakistan, da Masar, da Sudan, da Amurka, da ƙasashen Afirka, yayin da ake tura matasan malamai 'yan ƙasa waje su yo manyan digirori su dawo su karɓi aiki. A zamaninsa kuma aka sami malamai masu zafin ra'ayi irin su Yusufu Bala Usman, waɗanda ke sukar sarakuna da gwamnati a fili, jami'a kuma ta ɗauke su.

Mutanen Keffi ma suna da rabonsu a cikin wannan aiki. Yaran Kwalejin Gwamnati ta Keffi da yawa Samaru suka nufa bayan sun gama. Ɗaya daga cikinsu shi ne Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda ya yi Keffi daga 1965 zuwa 1969, ya yi Jami'ar Ahmadu Bello daga 1972 zuwa 1975, ya zama Shugaban Ƙasa a 2007. Haka kuma Farfesa Adamu Baikie, wani ɗan jama'ar Wusasa wanda ya koyar a fannin ilmi a zamanin Audu, ya je ya shugabanci Jami'ar Bini da Jami'ar ƙasar Lesoto, daga bisani ya zama shugaba na farko na Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi. Duk ɗalibin da ya fito daga unguwar Yara ko wani lungu na garin ya shiga wannan jami'a, ya sani cewa jijiyarta tana komawa Samaru.

Farfesa Audu ya sauka a 1975, shekarar da aka hamɓarar da gwamnatin Gowon, Janar Murtala Muhammed ya hau, Gwamnatin Tarayya kuma ta karɓi jami'ar. Farfesa Iya Abubakar ne ya gaje shi. Jami'ar da aka buɗe da ɗalibai 426 ya bar ta da dubbai, tana cikin mafi girma a Afirka.

Shiga siyasa

Da soja suka ɗage takunkumin siyasa a 1978, Audu ya shiga jam'iyyar N.P.P. Bayan Alhaji Waziri Ibrahim ya ɓalle ya kafa G.N.P.P., jam'iyyar ta tsayar da Dokta Nnamdi Azikiwe takarar Shugaban Ƙasa, shi kuma ya ɗauki Audu abokin takara. A zaɓen watan Agusta na 1979 suka zo na uku, bayan Alhaji Shehu Shagari da Cif Obafemi Awolowo. Amma jam'iyyar ta ci gwamnoni uku: Anambara, da Imo, da Filato, inda Mista Solomon Lar ya hau. Keffi a lokacin tana cikin Jihar Filato, gama sai a 1996 aka ƙirƙiro Jihar Nasarawa.

Jam'iyyar N.P.N. ta Shagari ba ta sami rinjaye a majalisa ba. Tana da sanatoci 36 cikin 95, da wakilai 168 cikin 449. Tilas ta nemi abokin tafiya, aka ƙulla yarjejeniya da N.P.P., aka ba ta kujerun ministoci. Ta haka Farfesa Audu ya zama Ministan Harkokin Waje a 1979.

A watan Yuli na 1981 yarjejeniyar ta warware, jam'iyya ta umurci ministocinta su ajiye aiki. Audu ya ƙi, ya zaɓi ya rabu da jam'iyya ya ci gaba da aiki. Wannan mataki ya jawo masa suka mai zafi. Magoya bayan Zik suka ce ya ci amanar inuwar da ta kai shi ga muƙami. Masu kāre shi suka ce harkokin waje na ƙasa ne baki ɗaya, ga rikicin Cadi da na Kamaru suna ci, bai kamata a sake mahayi a tsakiyar kogi ba. Kowane ɓangare yana da hujjarsa, mai karatu sai ya auna da kansa.

Gaban duniya

Shekaru huɗun da ya yi a wannan ofis ba na hutu ba ne. A watan Afrilu na 1980 Zimbabuwe ta sami 'yancin kai, abin da Nijeriya ta daɗe tana fafutika a kansa. A cikin watan nan kuma Ikko ta karɓi baƙuncin taron tattalin arziki na farko na Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, inda aka amince da shirin nan da ake kira Shirin Ikko, mai kira ga ƙasashen Afirka su dogara da kansu. Kwanaki kaɗan kafin taron, Saje Samuel Doe ya kashe Shugaba Tolbert na Laberiya, wanda shi ne shugaban ƙungiyar a lokacin, Nijeriya kuwa ta hana wakilan sabuwar gwamnatin halartar taron.

Cadi ita ce babban ciwon kai. A ƙarshen 1980 sojojin Libiya suka shiga Injamena don taimakon Shugaba Goukouni, a Janairun 1981 kuma aka ba da sanarwar shirin haɗe ƙasashen biyu. Nijeriya ta ƙi amincewa da zaman sojojin Gaddafi a bakin iyakar Borno. Aka yi ta kai da kawowa har Libiya ta janye a ƙarshen 1981, aka tura rundunar kiyaye zaman lafiya ta Afirka, mai sojojin Nijeriya da Senegal da Zayar, a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga. Rundunar ta rasa kuɗi da kayan aiki, a watan Yuni na 1982 Hissene Habre ya kama birnin, aka janye ta. Ba a ci nasara ba, amma darasin da aka koya ya yi amfani sa'ad da Nijeriya ta jagoranci rundunar ECOMOG zuwa Laberiya a 1990.

A watan Mayu na 1981 jandarmomin Kamaru suka kashe sojojin Nijeriya biyar a kan ruwa a bakin iyaka wajen Jihar Kuros Riba. Gari ya ɗauki zafi, jaridu da ɗalibai suka yi ta kiran a yi yaƙi. Shagari ya ƙaurace wa taron shugabannin Afirka na Nairobi don nuna fushi, amma gwamnati ta bi hanyar magana, har Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. Waɗansu sun kira wannan rauni. Sai dai wanda ya ga abin da yaƙin basasa ya yi, ya kuma san yawan 'yan Nijeriya da ke zaune a Kamaru, zai gane dalilin da ya sa likita ya gwammace magani a kan wuƙa. Rikicin iyakar bai ƙare ba sai da Kotun Duniya ta yanke hukunci a kan Bakassi a 2002.

A Majalisar Ɗinkin Duniya, Audu ya tsaya kan tsohuwar manufar Nijeriya ta yaƙi da wariyar launin fata a Afirka ta Kudu da neman 'yancin Namibiya. Gwamnatin Shugaba Reagan ta Amurka ta ɗaura 'yancin Namibiya da janyewar sojojin Kyuba daga Angola, Nijeriya ta ƙi wannan sharaɗi. Namibiya ba ta sami 'yanci ba sai a 1990.

Akwai kuma tabon da ba za a ɓoye ba. A watan Janairu na 1983, bayan farashin mai ya faɗi, gwamnati ta ba baƙin da ba su da takardu wa'adin mako biyu su fice. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ta ba da umurnin, amma Ministan Harkokin Waje ne aka bari da amsa tambayoyin duniya. Mutanen Gana wajen miliyan guda suka kwashi kayansu, tare da na Nijar da Cadi da Togo da Binin, waɗansu suka mutu a hanya. Sunan Nijeriya a matsayin babbar yayar Afirka ya zube ƙwarai, Audu kuma yana cikin gwamnatin da ta yi wannan aiki, don haka yana da nasa kason na alhakin.

Ƙarshen rayuwa

Bayan zaɓen 1983 Cif Emeka Anyaoku ya karɓi ma'aikatar. Ranar 31 ga Disamba soja suka kifar da gwamnati, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau. Aka kama manyan 'yan siyasa, Audu na cikinsu, ya yi wata da watanni a tsare kafin a sake shi.

Da ya fito bai ƙaura zuwa Landan ko Ikko ba. Ya koma Samaru, daf da jami'ar da ya raina, ya ci gaba da duba marasa lafiya a asibitinsa. Mutumin da ya zauna da shugabannin ƙasashe ya koma sauraron ƙirjin jarirai da tambayar iyaye mata abin da yaro ya ci. Ya kuma duƙufa ga aikin addininsa, har ya kafa coci yana wa'azi. A kan wannan hali ya kasance har tsufa da rashin lafiya suka kai shi Amurka, inda ajali ya same shi.

Abin koyi

Tarihin Ishaya Audu yana tuna mana da abubuwan da muke neman mantawa. Akwai Hausawa Kirista, 'yan ƙasa ne tun kaka da kakanni, sun kuma yi wa Arewa aiki da zuciya ɗaya. Akwai lokacin da shugaban Musulmi mafi ƙarfi a ƙasar nan ya ɗauki ɗayansu ya ba shi amanar ransa. Zariyar da ta ga wannan zumunci ita ce kuma ta ga ƙone-ƙonen wuraren ibada a 1987, Audu yana raye yana gani. Wanda duk ke son a koma kan turba, ga misali nan a gabansa, ba sai ya je wata ƙasa nema ba.

Ga masu riƙe da jami'o'inmu kuma, ga mutumin da aka ba jami'a babu uban gida, babu tabbacin kuɗi, ƙasa tana cikin yaƙi, ya buɗe wa 'ya'yan talakawa ƙofa ba tare da ya zubar da darajar digiri ba. Ya yi kurakuransa kamar kowane ɗan Adam, siyasa kuma ta shafa masa nata baƙin fenti. Amma likitoci da alƙalai da injiniyoyi da malaman da suka bi ta Samaru da Kongo daga 1966 zuwa 1975, da waɗanda su kuma suka koyar, su ne shaidarsa. Ya kamata hukumomin ilmi su sa tarihinsa cikin abin da ake koya wa yara, tsofaffin ɗalibansa da suka rage kuma su rubuta abin da suka sani tun suna da sauran ƙarfi.

Allah ya albarkaci zuriyar da ya bari, ya ba ƙasarmu shugabanni masu riƙon amana, mu kuma ya sa mu gama da duniya lafiya, amin.